Ladubban Karatun Tsakure: Bahasi a Kan Takardun Taron Masana Wata da Duniyoyi



A kowace shekara, idan watan Maris ya kama, masu binciken wata da sauran duniyoyin da ke kewaya rana sukan hallara a gefen birnin Hustan na jihar Teksas a ƙasar Amurka, su shafe kwana biyar suna baje abin da suka gano, kowa yana kare da'awarsa, 'yan'uwansa suna neman inda ta yi rauni. Sunan taron Taron Kimiyyar Wata da Duniyoyi, ana taƙaita shi da haruffa huɗu, LPSC. Tun kafin mahalarta su taso daga garuruwansu, an riga an baza tsakuren takardunsu a intanet, ɗaruruwa bisa ɗaruruwa, kowane da lambarsa, kuma ba a neman ko sisin kwabo daga mai son karantawa. Maƙasudin wannan takarda shi ne bayanin yadda ya kamata a karanta waɗannan tsakure, da yadda ya kamata a zauna a yi muhawara a kansu, domin kuwa ƙofa ce da aka bari a buɗe, amma wanda ya shiga ba da sanin ladubbanta ba yana iya fitowa da abin da bai shiga nema ba.

Asalin taron yana komawa ga watan Janairu na 1970, wata shida bayan kumbon Apollo 11 ya dawo da duwatsu da ƙurar wata masu nauyin kilogiram 21 da rabi, waɗanda aka rarraba ga ɗakunan bincike na ƙasashe daban-daban bisa sharaɗin kowa ya zo Hustan ya faɗi abin da ya gani. A nan ne aka bayyana wani sabon ma'adini da aka laƙaba wa suna amalkolait, aka ɗebo sunan daga farkon sunayen matafiyan uku, Armstrong da Aldrin da Collins. A nan ne kuma John Wood da abokan aikinsa, bayan sun tsince ƙurar ƙwaya-ƙwaya, suka ce sun ga 'yan ƙalilan ɗin gutsattsarin wani farin dutse a cikin baƙar ƙasar da kumbon ya sauka a kanta, suka yi istidlali da su cewa tuddan wata masu haske duk irin wannan dutse ne, kuma ya taso ne ya yi iyo a bisa wani teku na narkakken dutse da ya taɓa rufe wata baki ɗaya. Da'awa ce babba da aka ɗora a kan abin da bai cika tafin hannu ba, sai ga shi duwatsun da Apollo 15 da Apollo 16 suka kwaso a 1971 da 1972 sun ƙarfafa ta. Taron ya ci gaba shekara-shekara, ya kuma faɗaɗa daga wata zuwa sauran duniyoyi, har aka sauya masa suna a 1978.

Abin da ake nufi da tsakure a wannan taro ya bambanta da wanda muka saba sakawa a goshin maƙalunmu, wato sakin layi guda na kalmomi ɗari biyu. Nasu shafi biyu ne cif, ƙanana-ƙananan haruffa, da gabatarwa, da bayanin hanyar da aka bi, da sakamako, da zane ko jadawali, da ambaton waɗanda suka gabata. Kwamitin taro yakan duba su ne domin ya raba su, wannan a ba shi 'yan mintoci a kan mumbari, wancan a ba shi allo ya manna takardarsa ya tsaya a gabanta yana amsa tambaya. Amma tacewar da mujallu ke yi, inda ake aika takarda ga masana biyu ko uku su bi ta hujja-hujja kafin a yarda a buga, ba a yi wa tsakure ita. Wannan ita ce mas'alar farko da mai karatu zai riƙe, kuma mafi yawan ruɗanin da jaridu ke watsawa a kan labarin sararin samaniya daga mance ta yake tasowa.

Mu da muka taso a ƙasar da ake karanta Muhtasar na Shehu Halilu ba baƙi ba ne ga taƙaitaccen matani wanda kalma guda a cikinsa take ɗauke da babi, har sai an jingina da sharhin Dardiri da hashiyar Dasuƙi kafin a warware ta. Wannan sabo alheri ne gare mu, domin ya koya mana haƙuri da matsattsen zance, da lura da alamomin da marubuci yake sakawa inda malamai suka yi saɓani. Sai dai akwai tarko a cikinsa. Shi Muhtasar taƙaitawa ce ta abin da aka riga aka tace ƙarni bayan ƙarni har ya zama shi ake fatawa da shi, alhali tsakuren taro taƙaitawa ce ta abin da ko mai shi bai gama tabbatarwa ba, wani lokaci ma awon da ya dogara a kansa bai yi wata biyu da fitowa daga na'ura ba. Wanda ya ɗauko girmamawar da yake yi wa na farko ya ɗora wa na biyu ya zalunci kansa, wanda kuma ya ce tun da ba a tace shi ba to ba abin dubawa ba ne ya zalunci ilmi. Matsayin tsakure matsayin shaida ne da aka bayar a gaban alƙali kafin a tsarkake mai shaidar: ana rubuta ta, ana sauraronta da kyau, amma ba a yanke hukunci da ita tukuna.

Rabe riwaya da ra'ayi

Idan aka ɗauki kowane tsakure aka karanta shi a tsanake, za a tarar zance iri uku ne aka cakuɗa a cikin shafin nan biyu, kuma aikin mai karatu na farko shi ne ya tsince su ya ware kowane gefe. Akwai abin da aka auna, kamar a ce an sami kaza na sinadari kaza a cikin ƙwayar dutse, da iyakar kuskuren awon a rubuce a gefensa. Akwai abin da aka ciro daga awon ta hanyar ƙiyasi ko lissafin kwamfuta, kamar a ce saboda haka dutsen ya daskare shekara biliyan kaza da suka wuce. Akwai kuma abin da marubucin yake fata, wanda galibi yakan fake a layukan ƙarshe ko a cikin take, domin take shi ne mai jawo mutane zuwa ɗakin jawabi. Na farko riwaya ce, ana tambayar isnadinta: wace na'ura, a wane ɗaki, an gwada ta da wane ma'auni, sau nawa aka maimaita. Na biyu diraya ce, ana tambayar sharuɗɗanta: me aka ƙaddara ba tare da an auna ba, kuma in an sauya wannan ƙaddarawa me zai faru da sakamakon. Na uku kuwa ra'ayi ne, a saurare shi da ladabi a ajiye.

Su kansu marubutan, in masu tsantseni ne, sukan taimaki mai karatu da lafuzza masu daraja-daraja. Wanda ya ce awonsa ya dace da bayani kaza bai ce bayani kaza ya tabbata ba, iyakacin abin da ya ce shi ne bai ga abin da ya rushe shi ba, kuma yana yiwuwa wasu bayanai uku su dace da wannan awo daidai wa daida. Wanda ya ce bai ga alamar abu ba bai ce babu abin ba, sai an duba ƙarfin ganin na'urarsa. Waɗannan ƙananan ƙaidoji su ne farkon abin da yake zubewa idan labari ya bar hannun mai bincike ya shiga hannun mai fassara, har ya iso kunnen mai sauraro a matsayin cewa masana sun tabbatar.

Tsakuren da ya jira zamaninsa

Misali mafi shahara na tsakuren da nauyinsa ya fi girmansa shi ne wanda Alastair Cameron da William Ward suka gabatar a taron 1976 a kan asalin wata. Kafin wannan lokaci ra'ayoyi uku ne ake juyawa a tsakani: ko dai wata ya ɓalle ne daga jikin ƙasa saboda saurin juyawarta, kamar yadda George Darwin ya faɗa tun ƙarni na 19, ko ya taso daga wani wuri ƙasa ta kama shi, ko kuwa tare aka ƙera su daga ƙura ɗaya. Duwatsun Apollo, waɗanda jimillarsu ta kai kilogiram 382 daga tafiya shida, ba su bar ko ɗaya daga cikin ukun da lafiya ba. Wata ba shi da ƙarfe mai yawa a cikinsa, abin da ya sa nauyin jikinsa bai wuce 3.3 na nauyin ruwa ba alhali na ƙasa ya kai 5.5, duwatsunsa sun bushe ƙarau kamar an toya su, amma kuma nau'in iskar oksijin da ke cikinsu irin na duwatsun ƙasa ne. Cameron da Ward suka faro daga ƙarfin juyawar ƙasa da wata a haɗe, suka yi hisabi suka ce wannan juyi zai iya samuwa idan wata duniya mai girman Mirrihi, wato wadda gidajen rediyo ke kira Mars, ta bugi ƙasa a karkace a farkon halittarta, ɓawon duwatsun duka biyu ya ƙone ya watsu a sama, daga bisani ya dunƙule ya zama wata. William Hartmann da Donald Davis sun riga sun buga makamancin wannan ra'ayi a 1975 ta wata hanyar daban.

To, abin lura shi ne ba a karɓi maganar ba, ba a kuma ƙaryata ta ba, an dai bar ta a ajiye har shekara takwas, sai a taron da aka yi a Kona ta tsibirin Hawayi a Oktoban 1984, inda masana suka zauna musamman a kan asalin wata, suka waiwaya suka ga sauran ra'ayoyin duk sun faɗi, wannan ne kaɗai a tsaye. Mai karatun 1976 da ya yi adalci ba zai ce an gano asalin wata ba, domin babu awo sabo ko ɗaya a cikin tsakuren, ƙiyasi ne zalla. Amma zai ce ga ƙiyasin da ya warware ishkali biyu ko uku a lokaci guda, ya kamata a sa masa ido. Har yanzu ma mas'alar ba ta rufu ba, domin lissafin kwamfuta da Robin Canup da Erik Asphaug suka buga a 2001 ya nuna mafi yawan jikin wata ya kamata ya fito ne daga baƙuwar duniyar da ta yi karon, alhali awon oksijin yana cewa wata da ƙasa kamar uwa ɗaya uba ɗaya suke. A kan wannan saɓani ake ta rubuta sababbin tsakure shekara bayan shekara.

Akwai wanda ya fi wannan ban takaici. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu suka buga cewa sun sami ƙarfen iridiyam fiye da kima a cikin wani siririn shimfiɗin yumɓu a Gubbio ta ƙasar Italiya da wasu wurare, daidai kan iyakar zamanin da manyan dabbobin nan na da, dainoso, suka ƙare, suka ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama. Masu inkari suka ce to ina ramin da ya haƙa? Shekara guda bayan haka, a 1981, Glen Penfield da Antonio Camargo, masu aikin neman man fetur wa kamfanin Pemex na ƙasar Meziko, suka tsaya a taron masu binciken ƙarƙashin ƙasa a birnin Los Anjalis suka ce awon maganaɗisu da na nauyin ƙasa ya nuna musu wata ƙatuwar da'ira binne a ƙarƙashin yankin Yukatan, mai yiwuwa ramin karo ce. Amsar tambayar da duniya take yi tana nan a rubuce a cikin littafin tsakuren taron, amma masu tambayar ba sa zuwa wannan taro, ba sa kuma karanta littafinsa. Wani ɗan jarida na Hustan, Carlos Byars, shi ya rubuta labarin a lokacin, shi ne kuma a 1990 ya tuna wa Alan Hildebrand, wanda yake ɗalibi a Jami'ar Arizona yana neman ramin, cewa ai an taɓa faɗar wani abu mai kama da haka. A 1991 aka buga takardar da ta bayyana ramin Chicxulub, mai faɗin kimanin kilomita 180, wanda shekarunsa suka kai miliyan 66, da sunan Penfield da Camargo a cikin marubutanta. Shekara goma ke nan suka tafi, ba don rashin hujja ba, sai don kowace jama'a ta tsaya ga littafin taronta. A ganina wannan ya isa dalili ga mai karatu ya riƙa leƙa zauren da ba nasa ba.

Inda na'ura take ruɗin mai ita

Kada wani ya ɗauka daga waɗannan misalai cewa duk tsakuren da aka yi watsi da shi gaskiya ce da aka danne. Mafi yawansu sukan mutu mutuwar Allah da Annabi, ba wanda ya kashe su, wasu kuma sukan rayu shekaru a tsakanin tabbata da rushewa. Labarin iskar mitan a Mirrihi yana cikin kashi na biyu. Ita wannan iska, a nan ƙasa mafi yawanta daga masu rai take fitowa, daga tumbin dabbobi da fadamu da ruɓaɓɓen abu, kuma a sararin Mirrihi hasken rana yakan lalata ta cikin 'yan ɗaruruwan shekaru, saboda haka in an same ta a can to akwai abin da yake sabunta ta, ko mai rai ko aikin duwatsu da ruwa. A 2003 Michael Mumma na hukumar NASA ya sanar a wani taron masana duniyoyi cewa ya hango alamarta da madubin hangen nesa daga doron ƙasa, amma cikakkiyar takardarsa ba ta fito a mujalla ba sai 2009. Wannan tazara ta shekara shida ita kanta bayani ce ga mai hankali a kan wahalar awon. Mai hange daga ƙasa dole haskensa ya ratso ta cikin iskar duniyarmu, wadda a lokacin take ɗauke da mitan kusan kashi 1,800 cikin biliyan, alhali abin da ake nema a Mirrihi 'yan gomomi ne cikin biliyan, sai an cire babban kafin a ga ƙaramin, kuma ɗan kuskure a wurin cirewa yana iya haifar da abin da babu shi.

Daga baya motar bincike Curiosity, wadda take yawo a cikin ramin Gale tun 2012, ta shaƙi iskar wurin ta ba da labarin mitan kaɗan mai hawa da sauka, har ya kai kimanin kashi 21 cikin biliyan a Yunin 2019. A wannan shekarar kuma kumbon Turai da Rasha da aka aika musamman domin farautar irin waɗannan iskoki, wanda ganinsa ya fi na kowa kaifi, ya ba da rahoton cewa bai ga kome ba. Shaidu biyu adilai, kowane da na'urarsa ta ƙwarai, sun saɓa. Masu neman sulhu sun ce wataƙila iskar tana tsattsafowa da dare ta kwanta kusa da ƙasa inda motar take, rana na fitowa ta watse kafin kumbon ya gan ta daga sama, wasu kuma suna tuhumar motar cewa ko daga cikin jikinta iskar take. Wanda ya karanta tsakure ɗaya daga cikin wannan jayayya ya rufe littafi zai tashi da yaƙini, wanda ya karanta goma zai tashi da tawakkufi, kuma na biyun shi ne ya fahimci mas'alar.

Tsakure a matsayin raddi

Wata fa'ida ta waɗannan takardu, wadda ba a cika ambatonta ba, ita ce saurinsu wajen mayar da martani, har a kan abin da mujalla ta riga ta tace. A Disambar 1984 aka tsinci wani dutse mai nauyin kusan kilogiram 2 a kan ƙanƙarar Antatika, aka ba shi lamba ALH84001, aka jera shi cikin wani jinsi na duwatsun sama da ba nasa ba, sai bayan kusan shekara goma David Mittlefehldt ya gane daga Mirrihi yake. A Agustan 1996 David McKay da jama'arsa suka buga a mujallar Science cewa sun ga alamomi huɗu a cikinsa da za a iya fassarawa da burbushin ƙananan halittu: dunƙule-dunƙulen ma'adinin kabonet, da wasu sinadarai na kabon, da ƙwayoyin maganaɗisu masu kama da waɗanda wasu ƙwayoyin halitta ke ƙerawa, da wasu siffofi masu kama da tsutsa. Shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya fito ya yi jawabi a kai. Su marubutan sun yarda cewa kowace alama ita kaɗai tana da wani bayani da ba ya bukatar rai, hujjarsu ita ce haɗuwar huɗun a wuri ɗaya.

Taron Maris na 1997 da waɗanda suka biyo bayansa sun cika da tsakure a kan wannan dutse, kuma wanda ya bi su a jere zai ga yadda ake rarrabe hujja gaɓa-gaɓa. Wasu suka ce kabonet ɗin ya samu ne a zafin da babu mai rai da zai jure, wasu suka auna suka ce a'a, a sanyi ya samu. Wasu suka nuna cewa kaso mai yawa na sinadaran kabon daga ruwan ƙanƙarar Antatika ya shiga dutsen a dubban shekarun da ya yi kwance a can. Wasu suka ce siffofin tsutsar sun yi ƙanƙanta ƙwarai, kuma gefen ma'adini da shafen da ake yi wa dutse kafin a sa shi a madubin lantarki suna iya fitar da irinsu. Wasu kuma suka toya kabonet a ɗakin gwaji suka fitar da ƙwayoyin maganaɗisu masu kama da na dutsen. A yau jumhurun masana ba su karɓi da'awar ba, ko da yake McKay ya tsaya a kanta har rasuwarsa a 2013. Mas'alar usulu da ke ƙarƙashin wannan jayayya ta cancanci a tsaya a kanta: shin raunanan dalilai huɗu in sun taru suna zama dalili ɗaya mai ƙarfi? Amsar ita ce suna ƙarfafa juna ne kawai idan hanyoyinsu sun rabu, amma idan illa ɗaya ce take iya haifar da su duka, kamar zafin karo ko gurɓatar ƙanƙara, to taruwarsu ba ta ƙara kome ba. Malaman hadisi sun daɗe da sanin cewa hanyoyi goma da suke komawa ga mai riwaya ɗaya hanya ɗaya ce.

Darasin bai ɓace ba. Lokacin da motar Perseverance ta ci karo da wani dutse mai ɗige-ɗige a ramin Jezero na Mirrihi a Yulin 2024, wanda aka sa wa suna Cheyava Falls, masu binciken sun yi ta nanata cewa abin da suka gani alama ce mai yiwuwa ta rai, ba za a yanke ba sai an kawo samfurinsa nan doron ƙasa an auna, kuma da wannan ƙaidin takardarsu ta fito a mujallar Nature a Satumbar 2025.

Yadda za a zauna a kansu

Karatun tsakure ba aikin mutum ɗaya ba ne a ɗaka, domin babu wanda ya haɗa sanin duwatsu da sinadarai da falaki da hisabi har ya iya auna kowace da'awa shi kaɗai. Abin da ya fi dacewa shi ne majalisi na mutum biyar ko goma, a zaɓi tsakure uku ko huɗu da suka yi tarayya a mas'ala ɗaya, musamman waɗanda suka saɓa wa juna, a ɗora wa ɗalibi ɗaya ya faɗi da'awar marubucin da bakinsa cikin jimla biyu, da Hausa, ba tare da ya duba takarda ba. In ya kasa, to ko dai bai fahimta ba ko kuwa marubucin ba shi da da'awa, kuma duka biyun suna faruwa. Sa'an nan wani ya tsaya a kan zanen, ya faɗi abin da ke kwance da abin da ke tsaye, ya nuna iyakar kuskure, ya ce ko layin da aka ja ya bi ɗigogin ne ko kuwa ɗigogin aka tilasta wa bin layin. Wani kuma a ba shi aikin mai jayayya, ya kawo bayani na dabam da zai dace da awon. A ƙarshe a nemi sunan marubucin a rumbun takardun falaki na NASA, wanda ake kira ADS, a ga ko tsakuren ya girma ya zama cikakkiyar takarda bayan shekara biyu ko uku, ko kuwa shiru aka ji. Wannan bibiya ta ƙarshe ta fi dacewa da tsofaffin tsakure, shi ya sa nake ganin bai kamata mai koyo ya fara da na bana ba, ya fara da na shekara goma ko ashirin baya, inda zai yi nasa hukunci sa'an nan ya buɗe ya ga abin da zamani ya yanke.

Ba sai mun je nesa neman matanin farawa ba. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilogiram 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami a lardin Katsina, aka kai shi ofishin binciken ma'adinai na Kaduna, daga baya gutsattsarinsa suka watsu a ɗakunan bincike na duniya. A lokacin babu wanda ya san daga ina ya fito. Sai a 1983 Donald Bogard da Pratt Johnson suka auna iskar da ta maƙale a cikin wani ɗan'uwansa da aka tsinta a Antatika, suka ga ta yi daidai da iskar Mirrihi kamar yadda kumbunan Viking suka auna ta a 1976, kuma a 1995 aka sami irin wannan iska a cikin Zagami kansa. Mai karanta tsakure a kan wannan dutse zai riƙa cin karo da adadi biyu, shekara kimanin miliyan 180 da kuma kimanin miliyan 3. Na farko lokacin da ya daskare ne daga narkakken dutse a Mirrihi, ana ciro shi daga sinadaran da suke rikiɗa a hankali bisa ƙa'ida sananniya. Na biyu tsawon zaman da ya yi yana yawo a sarari bayan wani karo ya cillo shi, ana ciro shi daga tabon da haskoki masu ratsa sarari suka bari a jikinsa. Adadi biyu a shafi ɗaya, kowane da isnadinsa daban da sharuɗɗansa daban, kuma ɗalibin da ya iya bayyana dalilin da ya sa ba su saɓa wa juna ba ya kama hanyar karatun.

Har yanzu ƙasashenmu suna ba da irin waɗannan duwatsu. A Nuwamban 2023 aka tsinci wani daga Mirrihi a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, mai nauyin kusan kilogiram 25, aka yi gwanjonsa a birnin Niyok a Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike a kan yadda ya fita daga ƙasar. Dutse yakan faɗo a gonarmu ko hamadarmu, a auna shi a wata nahiya, a yi jayayya a kansa a Hustan, mu kuwa labarin kuɗinsa kaɗai yake iso mana.

Saboda haka ina roƙon shugabannin sassan ilmin ƙasa da fiziya da sinadarai, tare da 'yan'uwanmu na sashen Hausa waɗanda za su taimaka wajen daidaita kalmomi, su ware zama ɗaya a kowane mako na zangon karatu domin wannan aiki, su fara da tsakuren da aka rubuta a kan dutsen Zagami, su kuma wajabta wa kowane ɗalibi ya rubuta sharhin shafi ɗaya da Hausa a kan abin da ya karanta.